Taken da Habila Bai Kaɗa Ba

Akwai wani mutum a wani gari, makaɗi ne, sunansa Habila. Noma ne abincinsa, amma ganga ita ce ransa. Duk Asabar ɗin da 'yan ƙwallon garin za su yi wasa, kafin kowa ya zo za ka tarar da shi a gindin darbejiyar bakin fili, ganga a kafaɗa, gular dukanta a hannu.

Mutanen garin nan kuwa suna da wata al'ada tun da aka fara taka leda a wurinsu. Kowane ɗan wasa yana da takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai. In ya shigo fili, ko ya ci ƙwallo, ba mai tafi, ba mai ihu, sai Habila ya kaɗa taken tukuna, sa'an nan jama'a su amsa. Ganga ce a gaba, baki yana biye.

A cikin 'yan wasan akwai wani saurayi, Yunana, ana ce masa Guguwa. Kai, yaron nan ya iya ƙwallo! In ya ɗauko ta daga tsakiyar fili, sai dai masu tsaron baya su bi shi da kallo. Habila ne ya ƙaga masa take tun yana wasa ba takalmi. Ganga ta ce, "Guguwa ta taso!" Jama'a su amsa, "Mai shanya, kwashe kayanki!"

Wata shekara garin ya kai wasan ƙarshe na cin kofi, abin da ba a taɓa yi ba. Ana jibi wasan, sai mutanen wata babbar ƙungiya ta birni suka zo suka yi wa Yunana daɗin baki. Ya bi su, ko sallama bai yi wa kowa ba. Ranar wasa aka lallasa garin, tsofaffi har da hawaye. Ran Habila ya ɓaci ƙwarai. Ya miƙe a gaban taro, ya ɗaga gula sama, ya ce, "In hannun nan nawa ya ƙara kaɗa taken Yunana, ku sake mini suna!" Jama'a suka yi ta jinjina masa, shi kuwa har da gyara tsayuwa.

Aka yi shekaru. Ran nan sai ga Yunana ya dawo da matarsa da 'ya'yansa. Gwiwa ta fara ba shi wahala, birni kuma ya tsotse raken ya yar da ɓawon. Ya sauka a gidan marigayi mahaifinsa, ya sayo ciyawa ya fara gyaran rufin ɗaki. Mai horar da 'yan wasan garin ya yarda zai sa shi a wasan Asabar mai zuwa.

Yunana ya bi Habila har gona, ya durƙusa a kan kunya, ya ce, "Baba, na dawo. Abin da na yi ban kyauta ba."

Habila ya dube shi. Yana ƙaunar yaron nan, ƙauna ba kaɗan ba, har hannunsa ya motsa zai ɗaga shi. Sai ya tuna abin da ya faɗa a gaban taro. Ya kawar da kai, ya ce, "Ba ni ka yi wa ba, gari ka yi wa. Ran Asabar sai ka ji daga bakin gari."

Yunana ya ce, "To, Baba. In gari ya karɓe ni, na zauna. In bai karɓe ni ba, ba zan zame wa kowa ƙaya ba, sai in kwashi iyalina mu ƙara gaba."

Tun daga ranar Habila ya rasa inda zai sa kansa. In ya je gona sai ya ji gida yake so, in ya dawo gida sai ya ɗauki fartanya. Ya sauko da ganga ya ɗaure tsarkiyarta, ya rataye, can kuma ya sake saukowa da ita ya kwance abin da ya ɗaure. Tuwo ma sai ya yi loma biyu ya ture.

Matarsa Rifkatu ta ce, "Maigida, ka kuwa san abin da yatsunka ke kaɗawa a bakin kwanon nan?"

Ya janye hannu da sauri, ya ce, "Ke dai ba ki da aiki."

Ta ce, "Ni dai kunnena ya ji guguwa. Ka kaɗa wa yaron nan abinsa ka huta, mu ma mu huta."

Ya ce, "Da bakina na faɗa, gari yana ji. Magana zarar bunu ce."

Da abin ya ishe shi, ya ce bari ya je ya ji ta bakin mutane. Ya nufi teburin Ɗanlami mai shayi, inda masu son ƙwallo ke taruwa. Yana isowa hira ta tsaya cak. Can Ɗanlami ya ɗaga murya ya ce, "Wai Guguwa ya dawo! Bayan ya zubar da mu a idon duniya? Mu dai muna bayanka, Baba Habila. Namiji da magana ɗaya aka san shi." Sauran suka yi ta gyaɗa kai, wani na cewa butulu, wani na cewa maci amana. Habila ya tashi bai ƙarasa shayinsa ba. A ransa ya ce, shi ke nan, gari bai yafe ba, in na kaɗa ni za a yi wa dariya.

Asabar ta zo, fili ya cika maƙil, har a kan itatuwa. Habila ya kaɗa wa kowane ɗan wasa takensa, jama'a suna amsawa. Bayan hutun rabin lokaci, mai horarwa ya kira Yunana. Ya zo ya tsaya a bakin layin toka, ya juyo ya dubi gindin darbejiya. Fili duka ya juyo tare da shi. Habila ya ga idanu ko'ina a kansa, ya ɗauka gargaɗi suke yi masa. Ya ɗaga gula, ya riƙe ta a sama, sa'an nan ya sauke ta a hankali ya ɗora a cinya.

Yunana ya shiga fili cikin shiru. Kuma ku ji abin tausayi: saura kaɗan a tashi, ya yanke mutum biyu da gwiwar tasa mai ciwo, ya zura ƙwallo a raga. Wuri ya yi tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Bakuna suka buɗe, suka dubi ganga, suka rufe. Da aka tashi, Yunana ya tuɓe rigar wasa, ya ninke ta da kyau, ya miƙa wa mai horarwa, ya tafi gida.

Kashegari Lahadi, bayan an fito sujada, Ɗanlami ya tari Habila a ƙofar coci, ya ce, "Baba, ka cika mai magana ɗaya. Amma gaskiya jiya ihu ya zo mini har wuya na haɗiye shi. Mun yi ta jiran gangarka."

Habila ya ce, "Jira? Ashe kuna so?"

"Wa ba ya so? Ai tun ranar da ya sauka muka huce. Kai muke jin kunya, saboda abin da ka faɗa."

"To, zagin da kuka yi masa a teburinka fa?"

Ɗanlami ya sosa ƙeya, ya ce, "Ai don mun ga ka zo ne."

Habila bai tsaya jin sauran ba. Tsoho ya zuba da gudu, ya fizgo ganga a gida, ya nufi gidan Yunana. Ya tarar da ƙofa a rufe, rufin ɗaki rabi sabo rabi tsoho, ga damman ciyawa a jingine. Ya yi tasha. Aka nuna masa motar da Yunana da iyalinsa suka shiga, can tana hawa gada. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya kaɗa taken da dukan ƙarfinsa, yana kuka. Mutanen tasha suka amsa, na kasuwa suka fito suka amsa, gari ya ɗauka gaba ɗaya, "Mai shanya, kwashe kayanki!" Amma wanda ake yi dominsa ya riga ya haye gada.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce, filin nan ikkilisiya ce, Yunana kuwa shi ne ɗan'uwan da ya bauɗe, ya ɓata mana rai, sa'an nan ya tuba ya dawo. Mai horarwa ya riga ya ba shi riga, wato Ubangiji ya riga ya gafarta masa. Mu ne muka rage. Kun san shi ai. Yakan zo a makare ya zauna a bencin baya kusa da ƙofa, yana sauraro ko wani zai kira sunansa. Mu kuwa sai satar kallon juna, dattijo yana jiran zumuntar mata, mata suna jiran matasa, kowa yana tsoron a ce shi ne mai saurin mantuwa. Wani ma ya daɗe da hucewa, kalmar da ya faɗa cikin fushi kawai yake gadi, wai kada a ce ya yi magana biyu. Haba! Da a rasa ɗan'uwa, ai gara a sake maka suna.

Ku lura, ba wanda ya jefi Yunana, ba wanda ya zage shi a fili. Shiru ne ya kore shi. Gafarar da ka ɓoye a ciki ba ta yi wa kowa amfani ba, don ɗan'uwanka ba ya jin abin da ke zuciyarka, abin da ya fito kawai yake ji.

Saboda haka, in an tashi yau, kada ka duba ko wa zai fara. Ganga tana kafaɗarka. Ka juya bencin baya ka kira shi da sunansa, tun motar tana tasha.