Kwalaye Arba'in da Alhaji Maidaji Ya Hana a Buɗe

Daga baki biyu na ji wannan labari. Na ɗauki na Malam Waris, domin shi ke riƙe da makullin sito a ranar, kuma ba shi da ko ƙyalle a cikin kayan.

Akwai wani mai tura kaya ta jirgin ruwa a Liwan, cikin Guangzhou, sunansa Sumani, mutumin zangon Kumasi. A farkon shekarar 1998 ne, lokacin da sojojin Najeriya ke fafatawa da 'yan tawaye a Saliyo. Amurka na fushi da gwamnatin soja ta Abuja, ta hana manyanta biza, amma ba ta yanke hulɗa ba, domin sojojin nan ne ke ɗauke da yaƙin da ba ta son shiga.

Ƙananan 'yan kasuwa kan haɗu a kwantena guda zuwa Kwatano, kuma ƙa'idar Sumani ita ce kowa ya buɗe kwalayensa a gaban sauran kafin a rufe. Mutum ɗaya ya fi ƙarfin ƙa'idar: Alhaji Maidaji, wanda kayansa kan cinye rabin kwantena. In babu shi ba ta cika, jirgi kuma ba ya jira. Sau uku Sumani yana kawar da kai.

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya jirgi ya tashi, Maidaji ya kawo kwalaye arba'in a liƙe.

"Alhaji, a buɗe ko guda ne," in ji Sumani a tausashe.

Maidaji ya yi dariya. "Maigida Sumani, ba ka jin rediyo? Amurka ma zagin mutanenmu take da baki, tana lallaɓa su da hannu. Kai wane ne? Loda kawai."

Hajiya Sadiatu, mai sayen takalman yara, ta miƙe daga kan kwalinta. Ɗanta soja ne, wata biyu ke nan ba ta ji muryarsa daga Firitawun, babban birnin Saliyo, ba.

"Ni na buɗe nawa har da na kamfai," ta ce. "Me ke cikin naka da ya fi kamfai kunya?"

Babu wanda ya yi dariya. Sumani ya daɗe yana duban rabin kwantenar da zai tafi fanko. Sannan ya karɓi wuƙa ya tsaga ɗaya daga cikin kwalayen Maidaji.

Kakin soja ne, launin na Najeriya sak, amma babu takardar wata runduna.

"Wa zai sa su, Alhaji?"

"Duk wanda ya saya. Ni ɗan kasuwa ne."

Hajiya Sadiatu ta ce: "Wato mai harbin ɗana zai zo masa cikin rigar ɗan'uwa."

Sumani ya sa aka fitar da kwalayen waje, ya rufe kwantenarsa a haka. Kafin Juma'a labari ya zagaye unguwar kasuwar Shahe, duk sito da Maidaji ya nufa sai a ce masa babu wuri. Bai ƙara wata biyu a garin ba.

Da ake yaba wa Sumani, bai ɗaga kai ba. Cewa ya yi: "Na huɗun na tsayar. Ukun farko sun isa inda za su."

Waɗanda ke wurin: Waris, Sadiatu Yalwa, Kallamu na Maraɗi, Alhasan Saffana.

Darasi: Wanda ake haƙuri da shi don ana bukatarsa, kada ya ɗauka ya fi ƙarfin ƙa'ida. Mai kawar da kai kuma ya sani, ɓarnar da ta wuce ta hannunsa ba ta dawowa. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.