Tiwda, Maharbin da Ya Dawo Ba Nama

A zamanin da babu gari ko ɗaya a bayan ƙasar Lidiya, an yi fari na shekara bakwai. Dattawa suka jefa ƙuri'a, aka ware mutum ɗaya cikin kowane goma, aka sallama su ga abin bautarsu, aka ce su hau babban dutsen arewa su nemi abin kai. Ƙarfe kuwa ko allura ba a bar su sun ɗauka ba.

Cikinsu akwai Tiwda maharbi, wanda ake yi wa kirari: “Tiwda na gaban farauta, mai sa barewa ta yi wasiyya!” Shi ma ya yarda da kirarin nan fiye da kowa. Da suka sauka cikin kurmin manyan itatuwan da ake kira misu, guzuri ya ƙare, sanyi ya kawo kai, yara suka daina kuka don ba ƙarfi. Ido duka ya koma kansa.

Gwaggonsa Nanis, tsohuwa mai kaifin baki, ta dube shi ta ce, “To, ɗana, ga daji. Ko kirarin ne za mu dafa?”

Maganar ta soke shi. Ya sari reshe, ya feƙe bakinsa ya mai da shi mashi, ya shiga kurmi. A gindin wata tsohuwar misu ya hura wuta don ya gasa tsinin ya yi ƙwari. Hayaƙi ya turnuƙe, ya shige kogon itacen, sai ga ƙudan zuma na fitowa a galabaice, ba wanda ya harbe shi. Ya zura hannu, ya fito da saƙar zuma tana ɗiga har gwiwar hannu.

Yana lasar yatsu sai ga akuyar daji, fara fat, hantsarta cike, ɗanta na bin ta. Ya ɗaga mashi. Ita kuwa ta tako cikin hayaƙin ba tsoro, ta lashe zumar hannunsa. Tiwda ya tsaya yana tunani: namanta tuwon yini ɗaya ne, nonon kuwa na kowace safiya. Amma da wane ido zai shiga zango ba jini a mashi? Kunya ta kama shi, tausayin yaran ya fi ƙarfi.

Ya juyo gida, tana biye, bayanta kuma garke guda. Mutane suka hango shi yana fitowa daga hayaƙi, zuma a ka, awaki a baya. Nanis ta yi dariya har da hawaye.

“Ina naman, babban maharbi?”

“Ga shi nan yana tafiya da ƙafarsa, Gwaggo. Kawo ƙwarya.”

Ya kafe mashin a ƙasa ya ɗaure akuyar a jikinsa, aka tatse ta. Ranar yara suka sha, suka ƙoshi, suka tashi da gudu. Kafin ƙanƙara ta sauka, Nanis ta koya wa mata yin cuku, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Daga sunan itacen misu ɗin nan aka kira su Misiyawa, maƙwabta kuma suka ce musu masu tafiya cikin hayaƙi. Masu ba da labari sun ce tun daga ranar suka bar cin abu mai rai, sai zuma da madara da cuku. Kowane ango kuma sai ya gasa mashin itace ya kafe a ƙofar ɗakinsa. In baƙo ya nemi ganin makamin babban jarumin Misiya, sai a kai shi bayan gida a nuna masa turken akuya.