Tuwon Da Aka Tuƙa Da Ma'aunin Kafinta

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa. Kafinta ne, ana ce masa Nomau. Ba shi da shago, zartonsa da gudumarsa a buhu suke kwana. Ku saurara, jama'a. Ku na baya ma, don Allah a bar hirar nan haka.

A garin akwai wata tsohuwa, Gwaggo Tasallah, ba ɗa ba jika, ga ɗakinta na ƙasa ya rushe. Abu ɗaya mijinta ya bar mata: wani tsohon ɗaki mai taya, irin wanda mota ke ja, da masu aikin hanya suka ba shi lokacin da yake yi musu gadi. Kwanon waje lafiya lau. Amma katakon ciki, wanda ke riƙe da kwanon kamar haƙarƙari, ruwa ya ci, gara ta ƙarasa. Ka sa yatsa, ya shige. Ga damina ta matso. In ba a tsayar da ɗakin nan ba, a ruwa tsohuwa za ta kwana.

Nomau ya ce zai yi, don Allah.

To, aikin yana da ƙa'ida. Katakon nan duk a lanƙwashe yake, kowanne da irin tasa lanƙwasar. Sai ka cire ruɓaɓɓen a hankali, ka ɗora kan sabo, ka zana, sannan ka yanka. Ruɓaɓɓen shi ne ma'auni. Nomau ya tokare rufin da gwafanni, ya ciccire ruɓaɓɓun katakon, ya jera a ƙasa bi da bi, ya tafi neman sabon katako.

Ya dawo ya tarar da wuri fes, ga hayaƙi na tashi.

Gwaggo ta ce, "Sannu, ɗan nan. Na kwashe maka sharar nan, har na tuƙa maka tuwo da ita. Itacen banza ma, sai hayaƙi."

Jama'a! Tsakani da Allah, da ɗayanmu ne, me zai fito daga bakinsa?

Nomau ya dubi murhu. Sai ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ce, "Gwaggo, miyar nan ta ji daddawa."

Da matarsa Kuluwa ta ji labari, ta tafa hannu. "Wai Malam, bakinka ciwo yake? Ka gaya mata mana!"

"In na gaya mata, katakon zai fito daga toka? Tuwo ta yi niyya, Kuluwa, ba ɓarna ba. In ta san da hannunta ta ƙona ɗakinta, ina za ta sa ranta?"

"To, sai ka auna da tokar."

Haka ya koma bin hudojin ƙusa da ke jikin kwanon, yana kintace. Ya yanka, ya gwada, bai shiga ba. Ya sake yanka, ya gwada, bai shiga ba. Ita kuwa Gwaggo tana kan tabarma tana zuba: "Ɗan nan, kai kafinta ne ko mai gadin kwano? Hadari fa na haɗuwa!"

Sai ya ce, "Ana nan ana yi, Gwaggo."

Ranar da ruwan farko ya sauka, tsohuwa tana ciki, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Sai dai ƙofar ta karkace, sai an ɗaga ta take rufuwa. Kowa ya zo gaisuwa sai ta nuna masa, ta ce, "Nomau mutumin kirki ne, amma hannu babu." Magana ta zaga gari, har aka daina kiransa aikin ƙofa. Shi kuwa ya ci gaba da harkarsa. Gwaggo ta rasu a busasshen ɗaki, ba ta san cewa ma'aunin ne ta ƙona ba. Sai bayan shi ma ya rasu Kuluwa ta faɗa.

Wannan shi ne haƙuri, jama'a, shi ne rufin asiri: ka haɗiye gaskiyarka don kada ka karya zuciyar wanda ya nufe ka da alheri. Amma mu fa? Haba! Ƙanwarka ta wanke maka riga, shuni ya yi yawa, sai unguwa ta ji. Mahaifiyarka ta gyara maka ɗaki ta sauya wa kaya wuri, ka tsaya a kanta kana faɗa kamar ka kama ɓarawo. Yau in kun koma gida, wani zai yi muku kuskure da kyakkyawar niyya. Kafin ku buɗe baki, ku dubi niyyar. Allah ya ba mu ikon yin shiru a inda shiru ya fi.