Shekarun Malama Tabawa

Kai jama'a, ku zo ku sha labari da ɗuminsa! Malama Tabawa ta kwalejin likitoci ta je neman ƙarin girma, wai shugaba ya ce shekarun da ta koyar tana ma'aikaciyar wucin gadi ba aiki ba ne.

"Sai dai ki kawo mini shekarun nan ofis in gan su!"

Washegari sai ga ta da Dakta Isiyaku, wanda zai yi wa shugaban tiyata.

"Ranka ya daɗe, ga guda. A lokacin na koya masa riƙe wuƙa. Tunda ba aiki na yi ba, bai koya ba ke nan. Bismillah, kwanta."

Shugaba ya dafe ciki. "Haba Hajiya! A ƙirga mata shekarunta kaf, har da hutu!"