Wayar da Anas Ya Ƙi Karɓa a Tsakiyar Gulbi

Akwai wani saurayi, Anas sunansa, ɗan Magaji masunci, daga wani ƙauyen bakin gulbi a ƙasar Shanga. A cikin ƙarnin kifi aka haife shi, kuma da bandar kifin mahaifiyarsa, Inna Delu, aka yi ta tura shi makaranta har ya gama. Ya samu aikin ɗaukar bidiyo a Kaduna, ya buɗe shafinsa, mabiya suka taru masa.

To daga nan fa kai ya kumbura. In ya zo gida hutun Sallah sai ya riƙa yatsine fuska, wai ƙauyen na wari. Yakan ɗauki bidiyon komai, har akuyar maƙwabta, amma bai taɓa juya kyamara wajen Innarsa ba, saboda kullum tana gindin banda, zaninta duk hayaƙi.

Wata shekara bayan ruwa ya ɗauke, sai ga shi ya iso da wani siririn kwalekwalen roba ja a kan mota, irin na mutum ɗaya, wanda ake ce wa kayak. Ya riga ya yi wa mabiyansa alkawari: zai tuƙa shi daga ƙasar Shanga, ya bi gulbin Kwara ya wuce Yelwa, ya faɗa tafkin Kainji har Warra. Kwana huɗu, shi kaɗai, ba kiran waya, ba taimakon kowa.

Magaji ya zagaya abin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Wagga tasar za ka shiga tafki da ita?" in ji shi. "To ji nan. In dai ka nace, duk kwatar da ka iso ka tsaya ka yi sallama, ka tambayi ruwa."

Ga wanda bai san bakin ruwa ba, kwata ita ce inda jirage ke tsayawa. Al'adar mutanenmu, ba a wuce ta kai tsaye. Ka rage tuƙi ka ce sannunku da ruwa, su kuma su gaya maka inda iska ke tashi, inda dorina ta haihu, da inda kututturan itatuwa ke ɓoye a ƙarƙashi. Saƙon haihuwa da na rasuwa ma ta nan yake bi, daga baki zuwa baki.

Anas ya yi dariya. "Baba, ina da taswira a waya. Me mai jefa birgi zai gaya mini?"

Ran dattijo ya ɓaci. "Wallahi ko da ɗauri ne sai na sa an maido ka!"

Ku riƙe wannan maganar. Cikin fushi uba ya faɗe ta, kafin azahar ya manta, amma ɗan bai manta ba.

Inna Delu ba ta ce kada ya tafi ba. Da safe ta biyo shi har bakin ruwa da ƙunshin busasshen kifi da ƙuliƙuli a tsumma.

"Anas, ka bar layinka a buɗe mana, ko muryarka in riƙa ji."

"Haba Inna, kwana huɗu ne fa! Matsa kaɗan, za ki shiga hoton."

Ta matsa. Sannan ya kunna kyamarar da ya ɗaura a ƙirji, a gabanta ya zare layin wayarsa, ya nuna wa duniya, ya jefa a aljihun jaka. Ya tura kayak ɗinsa, bai ko waiwaya ba.

Ranar farko, gaskiya, tafiya ta yi masa daɗi. Ruwa na jansa a hankali, balbelu na tashi daga cikin ciyawar burgu, ga gonakin albasa kore shar a gefe da gefe. Kwata uku ya wuce. Mutane na ɗaga masa hannu, shi kuma yana ce wa kyamara, "Ku gan su nan, ba su taɓa ganin irin wannan jirgin ba." Ko sannu bai ce wa kowa ba.

A wannan ranar, bayan la'asar, Inna Delu ta yanke jiki ta faɗi a gindin banda. Dama ta daɗe da hawan jini. Magaji da Zulaihatu, ƙanwar Anas, suka sa ta a mota sai asibiti a Yelwa. Ɓarin jikinta ɗaya ya daina motsi, maganarta ta yi nauyi, amma sunan ɗanta yana fita sarai.

Zulaihatu ta kira layinsa har ta gaji. Sai Magaji ya yi abin da ya gada: ya aika saƙo bakin ruwa. Kafin gari ya waye, babu kwatar da ba a sani ba daga Shanga har Ngaski. Duk wanda ya ga mai jirgin roba ja ya tsayar da shi, uwarsa na nemansa.

Rana ta biyu da hantsi, mata masu wanki suka hango shi. Suka bar kaya suna ɗaga zani, suna kira. Ya ƙara nisa da gaɓa. Can gaba wani magidanci mai duba komarsa ya tuƙo da sauri ya tare shi.

"Kai ne ɗan Magaji? Ka tsaya Yelwa, Innarka na asibiti!"

Anas ya tsayar da filafilin tuƙi. Har ya kai hannu wajen jakar da layin yake. Sai maganar ubansa ta dawo masa, ko da ɗauri ne. Matar da ya baro jiya tana ɗaga kwando cike da kifi, yau a ce tana asibiti? Ya saki murmushi.

"Ka gaya wa Baba dabarar ta tsufa."

"Subhanallahi! Yaro, ana wasa da ciwon uwa?"

Anas ya wuce abinsa. Jama'a, minti ɗaya ya ishe shi ya mayar da layi ya kira gida ya tabbatar. Abin da ya hana shi, kada a ga a bidiyo cewa ya karya alkawarin da ya yi wa mutanen da ko sunan Innarsa ba su sani ba. Wannan shi ne ke ƙona mini rai har yau.

Ya kwana a wani tsibirin yashi, ya ci biskit da kifin gwangwani. Ƙunshin Inna yana can cushe a hancin jirgi, bai kwance ba.

Rana ta uku ya iso daura da Yelwa. Ga rumfunan kasuwa ana hangowa, ga jiragen inji cike da buhuna, ga 'yan acaba jere a bakin kwata. Daga nan zuwa gadon da Innarsa take kwance, tafiyar minti goma ce a kan babur. Sanin cewa abokan ubansa sun cika wurin, sai ya ratse ta ɗaya gefen, ya bi bayan tsibiri.

Amma akwai wanda ya san ruwan fiye da taswirarsa. Mainasara, aminin Magaji tun suna samari, dattijon da ya yi wa Anas huɗuba ranar da aka haife shi. Tun asuba yake sintiri da jirgin inji. Ya cim masa a ƙasan gari, ya kashe inji, ya kamo igiyar kayak da hannu ɗaya. A ɗaya hannun yana riƙe da 'yar ƙaramar waya ƙulle a farar leda saboda ruwa.

"Alhamdulillahi, na same ka," in ji Mainasara yana haki. "Ga Zulaihatu a layi, ta kara wa Innarka a kunne. Karɓi ka yi mata magana."

"Baba Mainasara, har da kai a wannan shirin?"

"Wane shiri, ɗan nan? Matar nan ba ta da lafiya, da idona na gan ta. Ban ce ka fasa tafiyarka ba. Ka ce mata Inna ga ni, shi ke nan."

"Sakar mini igiya."

"Anas, ka ji tsoron Allah."

"Na ce ka saki! Ku mutanen nan ba ku san komai ba sai kifi da gulma. Ba ku je ko'ina ba, ba ku son wani ya je. Ka ce mata in na isa Warra na kira ta!"

Dattijo bai saki ba, yana dai miƙo wayar. Sai Anas ya ɗaga filafili ya buge masa hannu. Igiya ta suɓuce. Ya juya ya kutsa cikin burgu, inda ruwa bai kai zurfin da jirgin inji zai bi ba.

Mainasara ya daɗe a tsaye yana duban hannunsa. Bai zage shi ba. Ya kai wayar kunne ya ce, "Zulai, ku yi haƙuri," ya tayar da inji ya koma.

Rana ta huɗu tafki ya nuna wa Anas halinsa. Iska ta taso da hantsi, igiyar ruwa ta riƙa dukan jirgin, sau biyu yana karo da kututture har roba ta tsage a gefe. Tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe. Amma da taurin rai ya kai. Wajen la'asar ya hango kwatar Warra, ya gyara hula, ya kunna kyamara.

"Jama'a, ga ni! Kwana huɗu, ni kaɗai, ba wanda ya taimake ni!"

Mutane sun taru kuwa, sai dai ba mai tafi, ba mai dariya. Wani dattijo ya shigo ruwa har gwiwa, ya riƙe masa jirgi ya fito. Ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Sannu da haƙuri, ɗan Magaji. Allah ya jiƙanta."

Wani ya matso. "Allah ya sa ta huta." Wata mai soya kifi ta ce, "Allah ya ba ku dangana." Mutanen da bai taɓa gani ba, irin waɗanda ya kwana huɗu yana wucewa ba sallama, su ne suka yi layi suna masa ta'aziyya. Inna Delu ta rasu jiya bayan la'asar, an kai ta ƙauye, an rufe ta da safe. Duk gulbin ya sani, ɗanta ne na ƙarshen ji.

Ya zauna cikin laka. Su ɗin dai suka ɗaga shi, suka ba shi ruwa, suka sa shi a mota, suka ɗaure masa jirginsa a sama.

Da ya isa gida, Magaji na zaune a tabarmar zaman makoki, Mainasara a gefensa da kumburarren hannu. Anas ya durƙusa. Ubansa ya amsa gaisuwar kamar yadda yake amsa ta kowane baƙo, ya juya ga na bayansa.

A tsakar gida ya tarar da Zulaihatu kusa da banda, wutar a mace.

"Zulai, ta yi fushi da ni?"

Ta dube shi da jajayen idanu. "Ni ce na yi fushi da kai, Yaya, kuma ban san ranar hucewa ba. Wayar a buɗe take, duk abin da ka faɗa wa Baba Mainasara ta ji. Na so in kashe, ta riƙe mini hannu."

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi, muryarsa da ƙarfi, ashe lafiyarsa lau, alhamdulillahi. Sai ta tambaya ko ka ci kifin da ta ƙunsa maka. Ba ta ƙara wata magana ba."

Anas ya fita bayan gida inda aka jingine jirgin, ya zura hannu a hancinsa ya jawo ƙunshin. Ruwa ya shiga, kifin ya yi funfuna. Ƙullin da ta yi da hannunta yana nan yadda yake.

Bidiyon tafiyar bai taɓa fitowa a shafinsa ba. Bayan sadakar bakwai ya zauna ya buɗe na rana ta uku, don kyamarar ƙirjinsa a kunne take lokacin. Ya ƙure ƙara. A ƙarƙashin ihunsa da zaginsa, daga cikin 'yar wayar nan ta leda, akwai wata siririyar murya mai nauyi tana cewa, "Anas... Anas... ɗana." Sau uku.

Mutumin da ya cika na'urori da muryoyin mutanen duniya, wannan kaɗai ce muryar Innarsa da yake da ita. Kuma duk ranar da yake son ya ji ta, dole sai ya ji tasa a kanta.

Darasi: Girman kai yakan toshe kunne har mutum ya ƙi jin gaskiya don kawai ya raina bakin da ta fito. Kada alkawarin da ka yi wa baƙi a waya ya fi maka kiran iyayenka, kuma kada ka raina mutanen da ka fito cikinsu. In Innarka ko Babanka na raye, ajiye abin da kake yi ka kira su yanzu. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda wayarsa ke ƙara yana cewa sai anjima.