Dalilin da Ya Sa Ɗaya Ke Haƙa, Huɗu Na Kallo

Yara, dalilin da ya sa mutum ɗaya ke haƙa rami huɗu na tsaye a kansa magana ce mai zurfi da ta sha kan masana. Da sun leƙa sun tambayi na cikin ramin, da tuni sun huta.

A da can, mai son rijiya shi ke haƙa abarsa: ya sari ƙasa, ya cika kwando, ya hau ya zubar, ya sake sauka. Wani makiyayi, Jatau, ya yi wata biyu yana wannan hawa da sauka, rijiya ba ta wuce gaba uku ba, ga tafkin da shanunsa ke sha ya kusa ƙafewa.

Sai maƙwabcinsa Barau, wanda Allah ya hore wa basira da ciwon baya, ya kirawo mutum uku, ya ce, "A raba aikin nan. Jatau ya haƙa, Cindo ya ja igiya, Nomau ya zubar da ƙasa, Audi ya wasa diga. Ni zan duba kada rami ya karkace. Duk mako a zauna a sake rabo."

Barau bai yi ƙarya ba. A kwana bakwai suka ninka aikin wata biyu.

Ranar sake rabo, Jatau na can ƙasa tun safe, hannunsa duk kanta. Ya ɗaga kai ya ce, "Malam Barau, a zuro igiya in fito."

Barau ya ce, "Mai igiya yana cikin taro. Yi haƙuri, yanzu za mu gama."

Aka yi rabo cikin adalci. Aka kawo jaki aka ba shi jan igiya da zubar da ƙasa, Cindo ya karɓi duba jaki, Nomau ya karɓi duba Cindo, Audi kuma zai riƙa gaya wa Jatau sannu. Barau ya tambaya ko akwai mai ja a kan Jatau ya ci gaba da haƙa. Wata murya ta taso daga ƙasa, amma taro ya yarda cewa amsa-kuwwa ce.

Haka aka yi ta yi kowane mako har ruwa ya ɓullo, shanun Jatau suka sha suka rayu.

Shi ya sa har yau, in za a raba aiki, na cikin rami ba ya samun halarta. Rijiyar tana nan, ruwanta da daɗi. Rijiyar Barau ake kiranta.