Hansai da Aljanin Da Ya Hana Bismillah

A wani zamani mai tsawo, can bayan duwatsun da ayari bai taɓa tsallakewa ba, an yi wani sarki mai suna Mainasara a birnin Zurmana. Fari ya addabi ƙasarsa har rijiyoyi suka ƙafe, sai ya ƙulla alkawari da wani ƙasurgumin aljani mai suna Zarkumu, wanda idon ruwan ƙasar yake hannunsa. Aljanin ya saki ruwa bisa sharaɗin kada a ƙara ambaton sunan Allah a birnin, wanda ya ambata kuwa zai zama dutse. Mutane suka sha ruwa suka kame bakinsu, aka rufe masallatai, sarki kuma ya rasa barci don kunya.

Sarkin nan yana da auta, Gimbiya Hansai, yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Kakarta ta koya mata cewa ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai da bismillah, domin 'ya'yan aljanu su ji su kauce. Wata rana da hantsi ta ɗauki ragowar ruwan zafin da aka gasa wa kakar ƙafa, ta tsaya tsakar gida, ta ce da ƙarfi, "Bismillahi, ku matsa!" sannan ta zubar.

Nan take ƙasa ta tsage, Zarkumu ya fito, kansa ya zarce rufin soro. Sarki ya rugo ya zube gabansa ya ce, "Ya shugaban aljanu, yarinya ce, ba ta san komai ba. Ka mai da ni dutse a madadinta."

Hansai kuwa ko gezau. Ta ɗaga kai ta ce, "Baba aljani, tun da ka hana, kowa watsa ruwan zafinsa yake yi shiru. 'Ya'yanka ba su ƙone ba?"

Maganar ta daki aljanin, domin kuwa babu ɗansa ko ɗaya da ba shi da tabon ƙuna a baya, bai kuma taɓa sanin dalili ba. Ya daure ya ce, "Ke 'yar mutum, ba kya tsoron zama dutse?"

Ta ce, "Ina tsoro mana. Amma kai na fi ji wa. Kaka ta ce wutar lahira ta fi ruwan zafi, kuma can ba mai ce maka matsa. Kai ba ka san Wanda ya yi ka ba?" Sai ta fashe da kuka, ta kama ɗan yatsansa da hannu biyu.

Kai, jama'a, mayaƙa da bokaye duk sun gwada aljanin nan sun kasa, amma bai taɓa gamuwa da mai yi masa kuka ba! Ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa, ya ce, "Koya mini, 'yata." Ta riƙa faɗa masa kalmar shahada yana maimaitawa, in ya kuskure ta gyara masa. Ya warware sharaɗin, ya bar musu ruwan kyauta.

Aka buɗe masallatai, sarki ya tuba a bainar jama'a, sannan ya aurar da babbar 'yarsa ga ɗan waziri, wanda ta daɗe tana so. Da liman ya shafa Fatiha, sai aka ji wata babbar murya daga ƙarƙashin ƙasa ta ce, "Amin." Fadawa suka firgita, Hansai kuwa ta ja rigar mahaifinta ta ce, "Baba, ka ji? Ya iya."